Daga Aji Zuwa Ƙololuwar Jabal Musa: Jagora Ga Malamin Da Ke Koyarwa A Masar

Sai da na shekara biyu ina koyar da lissafi a wata makaranta a Alƙahira kafin ƙafata ta taka Sina'i. Duk malamin da ya yi aiki a ƙasar waje ya san yadda kwanaki suke tafiya: daga gida sai aji, daga aji sai makin takardu, ƙarshen wata a tura wa mutanen gida abin da ya samu, sai barci. Ka wayi gari kwantiraginka ya kusa ƙarewa, alhali abin da ka sani a ƙasar bai wuce hanyar makaranta da kasuwar unguwarku ba. Ga kuma dutsen da muka taso muna karanta sunansa tun muna rubutun allo, tun muna biya "wattini wazzaituni wa ɗuri sinina", yana nan tafiyar yini ɗaya daga ƙofar gidanka.

Sau biyu na hau Jabal Musa, dutsen da mutanen yankin suke ɗauka shi ne Ɗurin. Karon farko na bi motar 'yan yawon buɗe ido daga Dahab, wani gari a bakin teku a Sina'i, irin wadda ke kwasar mutane da dare, ta sauke su a gindin dutse, ta jira su sauko da hantsi ta mayar da su. Na hau, na ga fitowar rana, amma sanyi ne kawai ya zauna mini a rai, don rigar da na sa ba ta wannan wurin ba ce, kuma direba na ta danna ham tun kafin in gama dawowa hayyacina. Karo na biyu na kwana biyu a Katrin, garin da ke gindin dutsen, na tafi a natse, na zauna da mutanen wurin. A kan wannan tafiyar ta biyu na gina abin da zan gaya maka, domin na gamsu cewa wannan dutse ba a yi masa gaggawa.

Gyara niyya tukuna

Da ka ce za ka Ɗuri, cikin 'yan'uwanmu ɗaliban Azhar ba za ka rasa wanda zai tare ka da hadisi ba, kuma yana da hujjarsa. A cikin Muwaɗɗar Imamu Malik, Abu Huraira ya ba da labarin dawowarsa daga Ɗuri, ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra Bagifare, wanda ya ce masa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, saboda ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yana cewa ba a ɗaura sirdi don tafiyar ibada sai zuwa masallatai uku. Kada ka yi jayayya da wannan. Ka raba abu biyu a zuciyarka. Zuwa da nufin cewa salla a can tana da wata lada ta daban, ko ɗebo ƙasa da tsakuwa don neman tubarraki, shi ne abin da malamai suka yi magana a kai. Tafiya a bayan ƙasa don gani da lura da ɗaukar izina kuwa, Alƙur'ani da kansa ya kira mu gare ta. Da wannan ta biyun na tafi, ita kuma nake ba ka shawara.

Sannan ka sani cewa masana sun yi saɓani a kan ainihin dutsen da Allah Ya yi magana da Annabi Musa, alaihis salam. Abin da ya tabbata shi ne tun ƙarni na 4 ruhubanawan Kirista suke zaune a gindin wannan dutsen a kan cewa shi ne, Musulmin yankin kuma suka gaji wannan suna. Sanin haka bai rage mini komai ba. Ko a wannan ƙololuwar ne ko a wadda ke kusa da ita, irin ƙasar ke nan, irin shirun ke nan, irin daren ke nan.

Nemo kwanakin a kalandar makaranta

Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, kuma kwana biyun nan ba su isa ba. Kana buƙatar uku. Sa'ar da muka ci ita ce gwamnati takan ɗage hutun da ya faɗo tsakiyar mako zuwa Alhamis, sai ka samu Alhamis, Juma'a da Asabar a jere. Tun farkon zango ka ɗauki kalandar makaranta ka zagaye ranaku biyu da jan biro: 6 ga Oktoba, ranar sojoji, da 25 ga Afrilu, ranar murnar dawo da Sina'i. Sham en-Nasim ma, bikin bazara na Misirawa, wanda ke faɗowa Litinin bayan Istar Kibɗawa, yakan ba da dogon hutu. Waɗannan su ne lokutan da suka fi daɗi, kaka da bazara, rana ba ta ƙona ka, dare bai kashe ka ba.

Hutun tsakiyar shekara, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, shi ne ya fi jan malamai saboda tsawonsa, kuma shi ne ya fi haɗari. Garin Katrin kansa yana sama da mita 1,500 daga teku, ƙololuwar Jabal Musa kuwa mita 2,285. A wannan lokacin ruwa yakan daskare da dare, ƙanƙara tana sauka. A watan Fabrairun 2014 wasu matasa 'yan Masar huɗu sun rasu a dutsen Bab ad-Dunya, nan kusa, bayan guguwar ƙanƙara ta rutsa da su. Wanda ya tashi da sanyin hunturun Kano, ko ma na Jos, kada ya ɗauka ya san sanyi. Idan ba ka da wani lokaci sai na Janairu, ka hau da rana, ka saurari ɗan jagora, in ya ce yau ba a hawa to ba a hawa.

Abu ɗaya da ya shafi aikinmu: ka gama makin takardu da shirin darasin Lahadi kafin ka tashi. Kada ka ɗauki jakar littattafan yara da niyyar dubawa a mota. Ba za ka duba ba, nauyinsu kuma zai bi ka har kan dutse. Ka kuma sanar da shugaban makaranta ko mai kula da ma'aikata baƙi inda za ka da ranar dawowarka. Su ne suka tsaya maka a takardun zama, in wani abu ya taso lambarsu za a fara kira.

Takardu, musamman ga mai baƙar fata

Wannan wurin zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Hanyar Sina'i cike take da shingayen bincike, abin da Misirawa ke kira kamin, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan yakan sha tambaya fiye da Bature, saboda shekaru da dama masu safarar mutane sun bi ta Sina'i da 'yan Afirka zuwa kan iyaka. Ba kai ka jawo ba, amma kai za a tsayar. Saboda haka ka riƙe ainihin fasfonka, ba kwafi ba, da katin iƙama, wato izinin zama, mai sauran kwana, da katin shaidar aiki. Idan fasfonka yana hannun makaranta ana sabunta izini, ka ɗaga tafiyar. Ka roƙi ofishin makaranta wasiƙa da Larabci, mai hatimi, mai cewa kai malaminsu ne. Takarda ɗaya ce, amma na ga yadda fuskar jami'i ke sauyawa da ya karanta kalmar mudarris. Ka buga shaidar kama ɗaki a masauki, ka yi wa komai kwafi biyu, ka ajiye hotunansu a waya.

In an ce ka sauko daga mota, ka sauko da sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Kada ka ɗaga waya kusa da shinge, ko hoton duwatsu ne. Ka kuma riƙe a ranka cewa Kudancin Sina'i za ka. Arewacin Sina'i ba wurin yawo ba ne, babu abin da zai kai ka can.

Hanya

Daga Alƙahira mota takan nufi Suwez, ta ratsa ƙarƙashin mashigin ruwa ta ramin Ahmad Hamdi, ta fito a Sina'i. Daga nan ta miƙe kudu, teku na hannun dama, ta wuce Uyun Musa da Ras Sidr da Abu Zanima da Abu Rudais, sannan ta karya cikin ƙasa ta Wadi Firan, kwarin dabino mai tsawo, ta yi ta hawa har Katrin. Tafiyar ta haura kilomita 400, awa shida zuwa bakwai in shingaye ba su riƙe ku ba. Ita ce gajeriyar hanya, ita ce kuma mafi kyan gani, sai dai akwai lokutan da ake hana baƙi bin Wadi Firan ko a sa su jira rakiya. Don haka mako guda kafin tafiya ka kira masaukin da ka kama a Katrin ka tambaye su halin da ake ciki. Su ne suka fi kowa sani, kuma sukan haɗa ka da direban da ya saba da hanyar. Ku huɗu ko biyar kuka haɗa kuɗin mota, nauyin ya yi sauƙi.

Ɗaya hanyar ita ce ka hau bas ɗin dare ranar Laraba zuwa Dahab, ka isa da safe, ka karya kumallo a bakin teku, sannan ka ɗauki mota ta awa biyu zuwa Katrin. Ta fi tsawo amma ba ta cika samun tangarɗa ba. Kowace ka bi, ka yi ƙoƙari la'asar ɗin Alhamis ta same ka a garin. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka.

Masauki iri-iri ne: akwai otal, akwai gidan baƙi na Deir, wato tsohon gidan ibadar ruhubanawan Kirista da ke gindin dutse, akwai sansanonin Badawiyyai a cikin gari, ɗakuna masu sauƙin kuɗi da zauren zama mai murhu a tsakiya. Ni na fi son na ƙarshen. A nan za ka sha shayi da habak, wani ganye mai kama da na'ana'a da ke tsiro a kwazazzaban yankin, a nan kuma za a samo maka ɗan jagora na kirki. Ka zo da tsabar kuɗi, ƙananan takardun fam, don a kan dutse babu mai karɓar kati. Garin ya sha gine-gine a 'yan shekarun nan saboda babban aikin gwamnati da ake kira at-Tajalli al-A'azam, shi ya sa wurin tsayawar motoci da mashigar dutse suke iya sauyawa. Bari mai masauki ya kai ka.

Abin da za ka sa, abin da za ka ɗauka

Hawan kansa bai fi ƙarfin mai lafiya ba. Na ga tsofaffi mata 'yan Rasha da 'yan Koriya suna hawa da sanda, suna waƙoƙin addininsu. Abin da ke kayar da mutum gumi ne da iska. Kana hawa jikinka zai yi zafi, rigar ciki ta jiƙe sharkaf, ka isa sama ka zauna, iska ta bi jiƙaƙƙen tufafin nan ta shiga ƙashi. Abin da ya same ni ke nan a karon farko, har haƙorana suka riƙa haɗuwa ina tahiya.

Maganinsa tufafi hawa-hawa. Riga marar nauyi a ciki, suwaita a kai, sannan jaket mai tare iska. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, jaket na cikin jaka. Ka saka busasshiyar rigar ciki guda a leda, da ka isa sama ka canza kafin komai. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da rawani ko mayafi na rufe wuya da hanci. Takalmi sawu-ciki mai riƙe ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi zai yi maka bororo tun kafin rabin hanya. Kaftani da doguwar jallabiya su zauna a masauki. 'Yan'uwa mata malamai, dogon wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai tsayawa a gwiwa ko ƙasa kaɗan ya fi abaya mai jan ƙasa, don matakalar ƙarshe sai an ɗaga ƙafa sosai, hijabin kuma a tsuke shi cikin jaket kada iska ta riƙa wasa da shi.

A jakar goyo: tocilar goshi, don hannunka ya zama sake, kada ka dogara da fitilar waya, sanyi na shanye batir, ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, dabino, gyaɗa, in an aiko maka da dambun nama ko kilishi daga gida to ga ranarsa, ƙaramar sallaya, tishu, leda ta kwashe sharar da ka yi. Mai asma ko hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya yanke shawara, maganinsa kuma ya kasance a aljihu, ba a ƙasan jaka ba.

Mako biyu kafin tafiya ka daina shiga lif a gida da makaranta. Hawa bene kullum shi ne duk atisayen da nake ba da shawara.

Ɗan jagora

Ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, doka ce a ɗauki dalil, wato ɗan jagora, daga ƙabilar Jabaliyya. Wasu baƙi suna ganin wannan tatsa ce. Ni ban gan shi haka ba. Jabaliyya suna danganta asalinsu da mutanen da Sarkin Rum Justiniyan ya kawo a ƙarni na 6 don su yi gadin Deir da yi masa hidima. Daga baya suka musulunta, suka zauna, suka shuka lambunan almon da zaitun da inabi a cikin kwaruruka, kuma har yau su da ruhubanawa suna zaman maƙwabtaka. Dutsen nan gonarsu ce. Ku daidaita kuɗi tun a ƙasa, ka gaya masa ta inda kake son hawa da ta inda kake son sauka, ka gaya masa kana son yin asuba a sama. Wanda ya raka ni dattijo ne, ina ce masa ya ammi, shi kuma bai daina kirana ustaz ba tun da ya ji sana'ata. Da ya ji ni Musulmi ne daga Najeriya sai hirar ta sauya, ya riƙa tambayata yadda muke karantar da yara Alƙur'ani, na kwatanta masa allo da tawada da wanke rubutu, shi kuma yana nuna mini ganyayen da suke magani da su a hasken tocila. In ya kyauta maka, ka ƙara masa wani abu a kan abin da kuka yi ciniki.

Hawan

Ka ci abinci da wuri ranar Alhamis, ka yi isha'i, ka kwanta. Lokacin tashi ka lissafa shi da baya: duba lokacin asuba a wayarka, ka cire awa uku da rabi. Fita da wuri fiye da haka ba riba ba ce, zaman jiran sanyi ne kawai za ka ƙara wa kanka. Ka yi alwala a masauki da ruwan ɗumi, ka yi ƙoƙarin riƙe ta, don ruwa a sama tsada gare shi, sanyinsa kuma kamar reza. Makewayin da ke kan hanya ma na lalura ne.

Bayan an duba jakarka a mashiga, za ka wuce ta gefen katangar Deir cikin duhu, hanya ta rabu biyu. Da dare ka bi ta raƙuma, Sikkatul Basha, wadda Abbas Basha na farko, mai mulkin Masar daga 1848 zuwa 1854, ya sa aka sara. Tana da faɗi, tana lanƙwasa kamar maciji, hawanta a hankali yake. Awa biyu zuwa biyu da rabi za ka yi a kanta. Ka kama taku ɗaya wanda za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba, ka riƙe shi. Samari za su wuce ka da gudu, za ka same su zaune a gaba. Akwai rumfunan shayi a jere a kan hanyar, ka tsaya minti biyar ka kurɓi ruwa, kada ka zauna har jiki ya huce.

Masu raƙuma za su yi ta tallata maka hawa. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙarfi ya hau, ba abin kunya ba ne, amma a yanke kuɗi kafin raƙumi ya miƙe. Kai mai tafiya a ƙasa kuma ka buɗe kunne, raƙumi ba ya da ƙarar taku, sai dai ka ji numfashinsa a ƙeyarka. Ka matsa ɓangaren dutse, ba ɓangaren rami ba.

Wani wuri a tsakiyar hanya ka ce wa ɗan jagora ku tsaya, ku kashe tocila. Ban taɓa ganin taurari kamar na wannan daren ba, ko a ƙauyenmu lokacin da babu lantarki. Duwatsun sun tsaya baƙi ƙirin ta kowane gefe, babu kukan tsuntsu, babu ƙwaro, babu komai. A nan ne ayoyin Suratu Ɗaha suka zo mini da kansu: mutum da iyalinsa cikin dare, ya ɓata hanya, yana neman garwashin da za su ji ɗumi. Na karanta su sau ba adadi, amma sai a wannan sanyin na gane dalilin da ya sa hango wuta ya zama babban labari.

Hanyar raƙuma tana ƙarewa bayan wani matsatsin tsagi a cikin dutse. Daga nan kowa sai ya taka da ƙafarsa: matakala 750 zuwa ƙololuwa. Kada ka kawo matakalar Dutsen Dala a ranka. Waɗannan duwatsu ne aka jera, wani tsayinsa taƙi guda, wani ya kai gwiwa. Minti talatin zuwa arba'in da biyar ake yi. Idan kun iso da sauran lokaci, ku zauna a rumfa ta ƙarshe, ku sha shayi, ku hayi bargo, baɗɗaniyya suke ce masa, sai asuba ta kawo jiki ku ƙarasa. A matakalar nan ka ɗora dukan tafin ƙafa, ka huta duk bayan taku hamsin, ka ba masu sauri hanya.

A sama

Ƙololuwar ba ta da faɗi. Akwai ƙaramin coci na jan dutse wanda aka gina a 1934 a kan kufan wani tsoho, galibi a kulle yake, kusa da shi kuma ga ƙaramin masallaci, da wani ɗan kogo a ƙarƙashinsa. Ka canza rigar ciki, ka sa duk abin da ka zo da shi, ka shiga masallaci. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take. Za ka iya samun kanka a sahu ɗaya da Bamisire da ɗan Indonesiya da ɗan Turkiyya, a waje kuma wasu na rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Kowa ya bar kowa. Kada ka ɗauki hoton mai ibada ba da izininsa ba, kada ka rubuta sunanka a kan dutse, kada ka ɗaga murya.

Sannan ka nemi wuri mai kallon gabas, bayanka jingine da dutse saboda iska, nesa da gaɓa. Da farko wani siririn jan layi ne, sai tsaunuka su fara fitowa jeri bayan jeri, shuɗi, toka-toka, sannan ja kamar an hura garwashi. Idan ka waiwaya kudu maso yamma za ka ga Jabal Katrin, mita 2,629, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Masar. Ka ɗauki hotonka biyu ko uku ka mayar da waya aljihu. Rana na fitowa taron zai kwashe gaba ɗaya, kowa na sauri kada motarsa ta tafi. Kai da ka kwana a gari babu mai jiranka. Ka ƙara rabin awa. Wannan rabin awar, ƙololuwa babu kowa sai kai da ɗan jagora da masu naɗe barguna, ita ce ribar kwana biyun da ka biya.

Wanda ya zo da yara ko yake tsoron sanyin asuba yana iya juya tsarin: ya hau bayan azahar, ya ga faɗuwar rana, ya yi magariba a sama, ya sauko ta hanyar raƙuma da tocila. Mutane sun fi ƙaranci a lokacin.

Saukowa

Bayan ka sauko matakala 750, ka karkata zuwa Farsh Iliya, wani fili a tsakanin duwatsu mai tsohuwar bishiyar sarwu da ƙananan ɗakunan ibada, wanda ake dangantawa da Annabi Ilyasu. Daga nan ɗaya hanyar take farawa, Sikkat Sayyidna Musa, wadda Kiristoci ke kira Matakalar Tuba, don an ce wani ruhubani ne ya jera ta yana neman gafara. Ita da 750 ɗin can suka haɗu suka zama 3,750. Tana bi ta cikin wani kwazazzabo, ta ratsa ƙofofin dutse biyu, can sai ka hango Deir a ƙasa kamar ƙaramin akwati mai lambu a gefe. Ta fi hanyar raƙuma kyau nesa ba kusa ba, amma tana cin gwiwa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai ciwon gwiwa ya koma ta inda ya hau; da dare ko in an yi ruwa kuwa kada kowa ya bi ta. Yawancin faɗuwa a saukowa ake yin ta, lokacin da ƙafa ta gaji, ido kuma yana kan kallo. In za ka kalla, ka tsaya tukuna.

Sauran Juma'a da safiyar Asabar

Ka koma masauki ka yi wanka, ka ci abinci, ka rintsa, ka je Juma'a a masallacin gari. Da la'asar, in ƙafa ta yarda, ka roƙi ɗan jagoranka ya kai ka Wadil Arba'in. Tafiya ce mai sauƙi daga gari, tsakanin lambuna masu katangar dutse. A ciki akwai wani ƙaton dutse mai tsage-tsage da mutanen wurin ke kira Hajar Musa, suna danganta shi da idanun ruwa goma sha biyu da aka ambata a Suratul Baƙara, can gaba kuma ga gonar zaitun mai yawa. Tsayawa a inuwar zaitun a wannan ƙasa, kana tuna ayar Suratul Mu'uminun da ta ambaci bishiyar da ke fitowa daga Ɗuri Saina'a, abu ne da ba zan manta ba. In an gasa muku libba, gurasar da suke binnewa a cikin toka, ka ci da man zaitun ɗin wurin.

Deir kuwa ka bar shi sai safiyar Asabar, domin da safe kawai ake buɗe shi, a rufe kafin azahar. Lahadi da ranakun idin coci ba a shiga, Juma'a kuma ba abin dogaro ba ce. Justiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin 548 da 565, kuma tun daga lokacin ba a daina ibada a cikinsa ba. UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2002. A ciki za a nuna maka kurmin da suke cewa a nan Annabi Musa ya ga wutar, da rijiyar da suke kira ta Musa. Ka ɗaga kai ka ga hasumiyar masallaci tsaye kafaɗa da kafaɗa da hasumiyar ƙararrawa: masallaci ne na zamanin Faɗimiyyawa, daga wajen 1106, ko da yake ba kullum ake buɗe shi ba. Ka biya ka shiga ɗan gidan tarihinsu. Akwai kwafin takardar amana da ruhubanawan suke dangantawa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, wadda suka ce Sarkin Musulmin Usmaniyya Salim na farko ya tafi da asalinta Istanbul a 1517. Ɗakin karatunsu na cikin mafiya daraja a duniya wajen tsofaffin rubuce-rubucen hannu, da Girkanci da Larabci da Suriyanci da wasu harsuna. Ka sa tufafi mai rufe jiki, ka rage murya, kada ka tsinki ganyen kurmin ko da ka ga wasu na miƙa hannu. Gidan mutane ne, suna zaune a ciki.

Kafin sha biyu ka kama hanya, don ka wuce shingaye da sauran haske, ka kwana a gadonka. Ciwon cinya da sha-raɓa ba a ranar yake zuwa ba, sai Lahadi da Litinin, daidai lokacin da za ka tsaya gaban allo, don haka ka shirya darasin da yara za su fi yin aiki a zaune. Ni na shiga aji ranar Lahadi da hoton matakalar nan, na rubuta 3,750 a allo, na ba su tsayin dutsen da tsayin inda Deir yake, na ce su fitar mini da matsakaicin tsayin matakala ɗaya. A cikin yara ashirin da wani abu, duk haifaffun Masar, uku ne kawai suka taɓa zuwa Katrin. Kafin a buga ƙararrawa sauran suna tambayata nawa ne kuɗin mota.